Yadda Ake Zaɓen Rigar Kujerar Mota a Bazara, da Abin da Ya Sami Surukin Kalilu

Kai mai sabuwar mota, matso kusa ka ji. Sunana Lawal Mai Kushin, shagona na nan bayan tashar Daura, inda za ka hango ledoji suna kaɗawa kamar an yi shanya. Tun kafin a ƙaddamar da Shari'a a jihar nan nake ɗinka wa kujerun mota riguna, bayan an ƙaddamar ma ban fasa ba, sai dai yanzu ba na rantsuwa a ciniki sai ta kama. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaukar maka alkawari bazarar bana za ta zo ta wuce kujerarka ko gezau. Kujerar na ce. Zancen wanda zai zauna a kanta, wannan kuma daban.

Zan riƙa kawo maka misali da Kalilu Auta, mai awon gero da dawa a kasuwar Daura. A duk waɗanda suka ɗauki karatu a wurina babu mai bin umarni kamarsa, kuma shi ne ya kunyata ni a ƙarshe.

Mataki na ɗaya: Ka san wa kake karewa

Mutane suna shigowa shagona da wani baƙon tunani, wai don jin daɗin mai zama ake sayen rigar kujera. Kai jama'a! Wa ya gaya muku? Mai zama zai sauka ya tafi gidansu, kujera ce za ta kwana a ƙofar gidanka. Fatar mutum in ta saɓule wata za ta fito. Ta kujera fa? Saboda haka tun yanzu ka zaɓi ɓangare, kuma ka zaɓi na kujera.

Mataki na biyu: Kada ka taɓa ledar da ta zo da ita

A ƙasar Daura ba a tambayar shekarun mota, leda ake dubawa. Ranar da Kalilu ya sayi tasa, 'yar Kwatano ce mai ruwan toka, ya tambayi dillali ko sabuwa ce. Dillali bai ce i ba, bai ce a'a ba, tunda yanzu kowa na kiyaye harshensa. Sai kawai ya buɗe ƙofa ya shafa kujera, leda ta yi ƙara, ƙwaras. Nan take zuciyar Kalilu ta kwanta.

Daga ranar ya ƙudurta ko da za a raba shi da hularsa, ba za a raba kujerun nan da ledarsu ba. Duk wanda ya leƙa ya ga leda zai ce, "Ma sha Allah, Kalilu ya yi sabuwa." Wannan kalmar yake kwana da ita, ita yake tashi da ita. Kai ma ka yi koyi.

Mataki na uku: Zaɓi baƙa, kuma ta roba

Yanzu leda na buƙatar mai kare ta, sai ka ɗora mata riga. Za su ce maka ka sayi ta yadi mai haske, wai tana shan iska. Kujera ce ko jariri, da za ta sha iska? Wasu za su nuna maka mai ƙwallayen katako, ka sauka bayanka duk rami-rami kamar tandar waina. Wasu ma buzu suke shimfiɗawa, mota ta koma warin rago har wata Sallar.

Kai dai ka ce a ba ka baƙar roba mai kama da fata. Masu ilmi sun tabbatar baƙin abu yana shanye zafi. To in kujera ta shanye zafin duka, ina sauran da zai dame ka? Ka ga ke nan lissafi ya fita.

Sannan ka ɗaga gilasai ka rufe ruf. Motar Kalilu ba ta da na'urar sanyi, wani maɓalli ne kawai da in ka danna yake huro maka iskar gidan burodi. Amma wanda ke tsaye a bakin titi bai san haka ba. Shi dai ya ga gilashi a rufe a tsakiyar bazara, ya san an wuce da mai hali.

Mataki na huɗu: In iyali sun yi ƙorafi, ƙara leda

A nan ne Haulatu ta shigo. Haulatu matar Kalilu ce, uwar ɗansa Ikrima, mace mai haƙuri wadda ba a jin muryarta a waje. Wata ranar biki ta ci ado da farin leshi, ya ɗauke ta da rana tsaka zai kai ta gidan amarya. Tafiyar ba nisa, amma kafin su isa baƙar robar ta yi laushi ta fara sakin launi. Haulatu ta sauka ta ratsa tsakar gidan biki, bayanta ɗauke da hoton kujera baƙi ƙirin, har da layin ɗinkina. Mata suka yi ta guɗa, ta ɗauka ta amarya ce. Sai da wata tsohuwa ta ja ta ɗaki ta ce, "'Yar nan, wa ya goge ki da dutsen guga?"

Da ta dawo gida ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baban Ikrima, don girman Allah ka cire abin nan. Cinyoyina duk sun tashi, ko zaman tabarma ba na iyawa."

Kalilu ya ce, "Haba Haulatu, ki yi haƙuri mana. In na cire, mutane su ce me?"

"Ni da aka yi wa dariya fa, ba mutum ba ce?"

Ya ɗauki tsumma ya fita goge mota. Washegari da ya dawo daga kasuwa ya tarar da ɗaki a kulle. Haulatu ta saɓa ɗanta ta yi yaji, ta tafi gidan ubanta a Zango, kuma a kan kabu-kabu ta tafi, don ya ji zafin abin da kyau.

Ya ji kuwa. Gidan ya yi masa faɗi. Yana son matar nan, so na gaske, kuma sai da ta tafi ya gane ko tuwo ba ya wuce masa in ba ita ta tuƙa ba. Ya zo shagona ido ya faɗa, ya ce, "Malam Lawal, matata ta tafi saboda rigar nan tana sakin baƙi. Yaya zan yi?"

Na ce abu mai sauƙi. Tunda riga ce ke taɓa tufafi, sai a hana ta taɓawa. Na yanko sabuwar leda mai kauri na lulluɓe baƙar robar, na ja ta ta yi tsaf kamar fatar ganga. Leda a ƙasa, roba a tsakiya, leda a sama. Kalilu ya yi ta godiya har da riƙe mini hannu.

Mataki na biyar: Gwada ta da wanda ba zai yi magana ba

Kada ka kuskura ka gwada sabuwar riga da mace ko da abokin wasa, bakinsu ba ya shiru. Nemi dattijo mai kunya, in so samu ne surukinka. In kuma Allah ya haɗa ka da suruki Bafulatani, to ka gama dacewa.

Na Kalilu haka yake. Baffa Hamma, uban Haulatu, tsohon mai fataucin shanu ne. Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. An ce kunama ta taɓa harbinsa a gaban baƙi, ya bari sai da suka gama gaisuwa suka tafi sannan ya duba ƙafarsa. Ko sunan Haulatu ba ya faɗa, tunda ita ce 'yar fari, sai dai ya ce yarinyar nan. A gaban suruki kuwa ko ruwa ba ya sha.

Kalilu ya isa Zango biko da hantsi. Akwai darbejiya mai inuwa a ƙofar gidan, amma ya tuna kashin tsuntsaye, sai ya ajiye motar can a fili inda rana za ta haska ledar kowa ya gani. Ya tuɓe takalma ya tsuguna a zaure. Aka yi gaisuwa, aka gaida shanu, aka gaida mutanen Daura unguwa-unguwa, motar na can tana nuna.

Can Baffa ya ce, "Malam Kalilu, yarinyar nan ta ce kujerar motarka ce ta kore ta. Ni kuwa ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Zan shiga da kaina. Ka kai ni Baure in duba wasu shanu. In kujera na da laifi, yarinya ta zauna nan har ka gyara halinka. In ba ta da shi, yau za ta bi ka."

Ya shiga ciki ya fito sanye da babbar rigarsa ta fita kunya, farar shadda da ta sha ƙaro ta sha bugu, tana tsayawa da kanta ko ba kowa a ciki. Kalilu ya buɗe masa gidan gaba, kansa a sunkuye. Aurensa ne kacokan zai zauna a kan kujerar nan.

Baffa ya yi bismillah ya zauna. Aka ji wani ɗan sauti, cuuu, irin na ƙosai in ya faɗa mai. Tsohon ya rufe ido, ya buɗe, ya ce, "Mu je."

Mataki na shida: Koyi karanta alamun jin daɗi

Suruki ba ya kallon fuskar surukinsa, balle ya tambaye shi ko yana jin zafi. Wannan rashin kunya ne. Da wutsiyar ido za ka yi aiki, kuma ga fassarar abin da za ka gani.

In fasinja ya yi tsit, ya samu natsuwa. In ya fara salati a hankali, yana gode wa Allah da ya nuna masa irin wannan mota. In gumi na ɗiga daga gemunsa, ciwon jikinsa ne ke fita, kai ka zama sanadi. In ya kama ƙofa ya ɗan ɗaga jikinsa sannan ya koma, yana gwada laushin kushin ne.

Baffa Hamma ya yi duk waɗannan kafin su bar Zango. Kalilu ya ji wani sanyi a ransa, shi kaɗai ne ma sanyin da ke cikin motar. Don ƙarin girmamawa ya rage gudu, saboda ba a gudu da dattijo. Jakai suna wuce su. Ya kuma danna maɓallin nan, iskar gidan burodi ta huro.

"Baffa, ko a ƙara?"

"Ya isa haka, Allah ya yi albarka."

Mataki na bakwai: In bai sauka ba, ci gaba da tuƙi

Ga abin da ke faruwa a bayan tsohon, wanda Kalilu bai sani ba. Gumi ya jiƙa ƙaron shadda ya narkar da shi. Leda ta yi laushi daga ƙasa. Biyun suka haɗu suka ƙulla zumunci. Ni da nake sana'ar nan, wallahi ko da gam ban taɓa samun riƙo irin wannan ba.

Da suka isa Baure, Kalilu ya zagayo da sauri ya buɗe ƙofa ya tsuguna. Baffa ya yunƙura. Kujera ta ce ba inda za ka. Ya sake yunƙurawa, motar gaba ɗaya ta girgiza. Sai ya gyara hularsa ya dubi gaba.

"Na tuna, shanun ba a nan suke ba. Suna garin Babban Mutum."

Kalilu ya koma mazauninsa kamar ya yi tsalle don murna. Tsoho ya ƙi sauka! Wace shaida ce ta wuce wannan? Ya riga ya fara hango Haulatu a tsakar gida tana tankaɗe.

A Babban Mutum masu shanu suka gane Baffa, suka yo kan motar. "Baffa Hamma, sannu da zuwa, sauko mana ga inuwa." Ya ce a'a, a kawo su nan. Aka riƙa jawo bijimai ɗaya-ɗaya zuwa bakin taga, yana zura hannu yana duba haƙora. Wani bijimi ya leƙa kansa cikin motar, ya ji abin da ke ciki, ya ja da baya da kansa. Masu shanu suka koma gefe suna cewa tsohon nan tun da surukinsa ya yi mota ya daina taka ƙasa.

Sai aka kira azahar. Gari ya watse zuwa masallaci, masu shaguna na rufewa. Kalilu ya ɗauko buta ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Baffa, ga ruwa."

Tsohon ya daɗe yana kallon butar nan. Ya ce, "Je ka yi taka. Ni matafiyi ne, zan haɗa da la'asar a gida."

Kalilu ya tafi. Saboda tsoron kada yara su dami dattijo, ya rufe ƙofar da kyau kafin ya wuce, ya kuma duba ya tabbatar gilasai na sama.

Mataki na takwas: Sauke fasinja cikin ladabi

Sun dawo Zango ana kiran la'asar, kuma a ƙofar gidansa babu sauran zancen matafiyi. Baffa ya ce, "Malam Kalilu, shiga zaure ka jira ni."

"Haba Baffa, ni in shige in bar ka? Allah ya kiyaye." Ya riƙe ƙofa ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

Tsohon ya ga ba makawa. Ya kafa ƙafafu biyu a ƙasa, ya kama saman ƙofa da hannu biyu, ya ambaci sunan Allah da ƙarfi, ya miƙe. Ɓaaarrr! Kaji suka watse. Gaban riga ya tashi da mai shi, bayan riga ya zauna a mota.

Kalilu ya ji ƙarar, amma ɗan kirki ba ya ɗaga kai. Abin da ya gani kawai shi ne ƙafafun Baffa suna tafiya da baya da baya, a hankali, fuska na kallonsa, har suka shige zaure. Ya ce a ransa, ikon Allah, yau ni Baffa ke girmamawa haka?

Bayan an yi salla aka kira shi. Ya tarar da tsohon ya yafa mayafi, yana tsaye a tsakiyar zaure, bai jingina da komai ba. Haulatu na bayan ƙofar cikin gida tana ji.

Yanzu fa ka lura da kyau, don a nan amfanin mataki na biyar yake. Baffa Hamma ya san kujerar nan wuta ce. Amma ya ce ta ƙona shi, a gaban surukinsa? Ya ce ya ji zafi? Gara ya sake komawa Babban Mutum a cikinta.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Na shiga, na gani. Kujera ba ta da laifi. Sanyi ma gare ta. Yarinyar nan ta ɗauko kayanta ta bi mijinta."

Ka gani? Rigar Lawal Mai Kushin ta ci shari'a. Da a nan labarin ya tsaya, da na sa an rubuta shi a allon shagona.

Mataki na tara: Kada ka yi abin da Kalilu ya yi

Haulatu ta fito da ƙullin kayanta, Ikrima a bayanta, idonta jawur. Ita ta ga bayan ubanta lokacin da ya shigo, ita ta shafa masa man shanu yana cewa ƙurajen zafi ne. Ta tsaya a gefen mota ba ta shiga ba.

Ta ce a hankali, "Baban Ikrima, Baffa ya ce in bi ka, kuma zan bi ka, ba zan ƙaryata shi a gaban mutane ba. Amma kafin in zauna, ka dubi kujerar nan. Ka dube ta da idonka."

Sai a lokacin ya duba. Ga bayan farar shadda shimfiɗe a jikin kujera, daga wuya har ƙasa, ta manne tsaf, har da shatin kafaɗun tsohon. Ya kai hannu zai ɓamɓaro, ya janye da sauri yana yarfe yatsu. La'asar sakaliya ke nan, amma ledar ba ta taɓuwa. Shi a nasa ɓangaren tsumman goge mota yake ninkawa ya zauna a kai, tun ranar farko, bai kuma taɓa tambayar kansa dalili ba.

Kunya ta rufe shi. Dattijo ya yini a kan wuta saboda shi bai ce uffan ba, ya kuma ba shi gaskiyar da ba tasa ba. Matar nan kuma ta faɗa masa da bakinta tun farko, ya fita goge mota. Hawaye suka zubo masa a tsakiyar titin Zango, bai ko share ba.

Abin da ya biyo baya, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya zaro 'yar wuƙar da yake farke bakin buhu da ita. Ya keta ledata ta sama. Ya keta baƙar roba, ɗinkina, aikin hannuna. Ya kai kan ledar Kwatano, ya ɗan tsaya, ya keta ta ita ma. Ya tattaro duka ya watsar a kwata.

A ƙarƙashi sai ga yadi mai ruwan toka, mai laushi, ko ɗigon datti babu. Haulatu ta taɓa da bayan hannu tukuna, kamar mai gwada ruwan wankan jariri. Sannan ta kwance goyo ta zauna, ta jingina, ta sauke numfashi.

Ta ce, "Ashe da kujera a motar nan."

Ya sauke gilasai duka huɗu, suka kama hanyar Daura iska na kaɗa mayafinta, kowa na ganinsu kamar marasa hali. Yanzu motar ba mai ce mata sabuwa. Ikrima ya zubar da kunu a baya, akwai tabon manja a gaba. Kalilu in ya wuce ta gaban shagona har ɗaga mini hannu yake yi yana dariya, ya yi ƙiba abinsa. Asara dai ta riga ta auku.

Sanarwa

Ni Lawal Mai Kushin, shawara na bayar, ban zaunar da kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan matarsa ta yi yaji, ko baƙonsa ya nuna, ko shaddarsa ta rabu biyu, babu hannuna, babu ƙafata, kada a kawo mini sammaci. Ba na karɓar kayan da aka keta, ba na biyan kuɗin man shanu, ba na raka kowa biko. Wanda ya manne ya nemi ruwan ɗumi, kada ya neme ni.

Mai shakkar ingancin kayana kuwa, ga Zango nan ba nisa, ya je ya tambayi Baffa Hamma. Har gobe cewa yake bai taɓa zama a kujera mai sanyi irin ta surukinsa ba. Sai dai a tsaye yake faɗa.